Gamzaki da Ƙarfe Takwas na Safe

Larabar da Dakta Garba ya zo duba ni karo na biyu ba ta cikin ranakun da za su fita daga raina. An ce in yi wa ƙannenmu da za su fita TP bana bayanin abin da na gani a nawa lokacin. Ni kuwa ba gwanar tsayawa gaban taro ba ce, shi ya sa na roƙi a bar ni in rubuta.

Ga wanda bai sani ba, TP shi ne koyon aikin koyarwa. Kafin ɗalibin kwalejin ilimi ya gama, sai an tura shi wata makaranta ya yi zango guda yana koyarwa. Malami daga kwaleji yakan zo sau biyu, ya zauna a bayan aji da fom a hannu yana ba da maki: tsarin darasi a rubuce, kayan koyarwa, murya, riƙe aji, da yadda ake jawo ɗalibai su yi magana. Wanda ya faɗi a zuwa na biyu sai ya maimaita baɗi, 'yan ajinsu su fita su bar shi.

Ni an tura ni wata makarantar 'yan mata ta je-ka-ka-dawo a cikin gari, ta wajen Ƙofar Kabuga. Aka ba ni kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare, yara hamsin da huɗu. Tun makon farko suka gane muryata ba ta wuce layi na uku. Wata mai suna Zuwaira, doguwa, mai zama a kujerar ƙarshe kusa da taga, ita ta raɗa mini suna Malama Raɗa, sunan kuma ya bi ni har ɗakin malamai.

Zuwan Dakta na farko ya yi muni. Na kwana uku ina gyara tsarin darasin, amma da na fara magana sai ajin ya koma kamar bakin kasuwa. Bayan an tashi ya kira ni baranda.

"Rabi'atu, rubutunki ya fi na wasu malaman da suka shekara goma a aiki," in ji shi. "Amma ni da nake baya ban ji komai ba sai 'don haka' sau biyu. Takarda ba ta koyar da yaro. Zan dawo nan da mako biyu, ranar Laraba, darasin farko. Idan haka na sake gani, ba ni da abin da zan rubuta miki."

Na ce, "To, Dakta. Na gode." Na shiga banɗaki na yi kuka na wanke fuska.

Da na duba manhaja sai na ga darasin wannan makon a kan rana ne da duniyoyin da ke zagaya ta. Wannan kuwa shi ne abu ɗaya da na sani ba daga littafi kaɗai ba.

Ina da madubin hangen nesa a gida. Kawuna Sule, mai sayar da kayan gwanjo, shi ya tsince shi a cikin wani kaya da ya sara, ƙafa ɗaya a karye, ba wanda ya taya. Ya kai wa wani mai walda a Ƙofar Ruwa ya haɗa ƙafar, ya kawo mini ya ce, "Ga shi nan, ke da ba kya fita, sai ki dinga leƙen sama." Tsakar gidanmu a bayan kasuwar Kurmi take, katanga ta ko'ina, saman da muke gani bai fi faɗin tabarma huɗu ba. Amma ta wannan ɗan gurbin na ga zoben duniyar Zuhal, na ga duniyar Mushtari da 'yan watanninsa huɗu a jere. Duk abin da na gani sai in rubuta a wani littafi mai baƙin bango: rana, lokaci, da inda abin yake.

Wata safiya bayan sallar asuba na saita madubin a kan Gamzaki, babban tauraron nan da ke fitowa gabas kafin rana, wanda a gaskiya ɗaya ne daga cikin duniyoyin da ke zagaya rana. Duniya tana juyawa, saboda haka abin da ka saita yakan sulale ya fita daga madubi cikin minti uku ko huɗu, sai kana ɗan tura shi. Ina ta turawa ban lura gari ya waye ba. Rana ta fito, sama ta yi shuɗi, sauran taurari duk suka ɓace, amma shi yana nan fari tas a cikin madubin har Umma ta kira ni karin kumallo. A ranar na gane ba tafiya yake yi ba. Yana nan da rana tsaka, ido ne kawai bai san inda zai duba ba.

Sai na yi shawara. Tunda ba zan iya ɗaga murya ba, kuma ba iyayen da za su bar 'ya'yansu mata su dawo makaranta bayan magariba, zan nuna musu duniya guda da idonsu, ƙarfe takwas na safe.

Ga yadda na tsara. Ƙarshen damina ne, sama a wanke. Abba yakan kai ni a babur da zarar ya dawo masallaci, kafin ya wuce rumfarsa. Baba Ado maigadi, wani dattijo mai yawan tsokana, shi yake buɗe mini ƙofa, a ɗakinsa kuma nake ajiye madubin. A yammacin ginin ajujuwa akwai daɓen siminti kusa da sandar tuta, inda inuwar ginin take rufewa har wajen takwas da rabi. Inuwar nan ba don daɗi ba ce. Duk wanda ya kalli rana ta cikin madubi, ko na ƙiftawar ido ne, zai iya rasa idon. Dokata ita ce da zarar hasken rana ya taɓa jikin madubin, in rufe shi, domin yarinya ɗaya ta bangaje shi ya isa ya karkata.

A kan daɓen na zana da'ira uku da alli, wurin ƙafafun. Na yanka kwali biyu na ja musu layukan awo, na manna ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, don in san iya juyin da na yi. Abin murɗawar da ke daidaita gani kuwa na naɗe shi da salatif, saboda da rana idan ganin ya goce ko kaɗan, tauraron narkewa yake yi cikin shuɗin sama. Ina kama Gamzaki tun da duhu-duhu, in bi shi har a kaɗa ƙararrawar asambili ƙarfe bakwai da rabi. Doka ce duk ɗan TP ya sa hannu a rajista ya tsaya a layi. In an tashi sai in dawo, in duba littafina, in juya madubin zuwa lambar da ta dace da lokacin, in same shi. Kwana tara na yi ina wannan. Sau biyu gajimare ya hana ni, sau bakwai na same shi.

Baba Ado ne kaɗai ya taɓa leƙawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "'Yata, shekarata talatin ina gadi, ni da Gamzaki muke tashi aiki tare. Ashe shi munafukin ba ya tafiya gida."

Ban gaya wa kowa ba bayan shi. Ko Malama Hajara, mataimakiyar shugaba, wadda ita ce mai kula da 'yan TP, ban gaya mata ba. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinta, in ji muryarta tana faɗa da wani, in juya.

Ranar Laraba komai ya fara daidai. Na kama shi shida saura, sama ba ɗigon gajimare. Bakwai da rabi na bar shi a tsaye na tafi layi, wanda ake yi a ɗaya gefen ginin. Asambilin ya yi tsawo. Ina tsaye na ga an ware 'yan aji uku an ba su tsintsiya da bokitai, ban kawo komai a raina ba.

Takwas saura biyar na zagayo. Daɓen fayau, a jiƙe, yana ƙyalli. Babu madubi, babu da'irar alli ko ɗaya.

Na ruga ɗakin maigadi. Ga shi nan a jingine a lungu, an naɗe ƙafafun, an lulluɓe shi da bargon Baba Ado. Kwalayena biyu suna cikin kwandon shara.

"Wallahi na faɗa musu," in ji Baba Ado. "Malama Hajara ce ta ce baƙo zai zo daga kwaleji, a wanke ko'ina, a kwashe tarkace. Na ce wannan ba tarkace ba ne, ta ce abin da aka ɗaure da kwali da salatif in ba tarkace ba mene ne? Sai na ce gara in ɗauke da hannuna da yaran nan su ja shi a ƙasa. Kwalin su suka ɓalle. Amma wancan naɗin ban bari an taɓa ba."

Na duba, salatif ɗin abin murɗawar yana nan. Amma ba alli, ba kwali, lambobin littafina sun zama banza. Neman ɗigon haske a sama mai faɗi da rana ta cikin bututu, ba tare da sanin inda za a nufa ba, zai iya cin awa guda a tashi ba a samu ba.

Ina tsaye na hango Dakta ya shigo, farar shadda, fom a hammata. Ya karɓi tsarin darasina ya karanta a tsaye. A wurin kayan koyarwa na rubuta: madubin hangen nesa, lemo guda, da ita duniyar kanta.

"Rabi'atu, ƙarfe takwas na safe za ki nuna musu tauraro?"

"E, Dakta."

"To Allah Ya sa. Ni dai agogo nake bi."

Zan iya shiga aji in zana da'irori a allo. Na yi tunanin haka, na kuma san yadda za ta ƙare. Sai na buɗe littafina ina juya shafuka, don kawai kada in tsaya haka. A gefen shafin ranar Litinin na ga wani layi da na rubuta da fensir, irin rubutun da nake yi don kada abu ya wuce ban rubuta ba: takwas da minti goma, na tsaya dugadugaina a kan tsagewar dakalin tuta, na ɗaga kai, yana sama da kan sandar da faɗin yatsa biyu, da ido kawai.

Alli yana wankuwa, amma tsagewar siminti ba ta wankuwa.

Na ce wa Baba Ado ya taimaka ya fito da madubin. Na je ƙofar aji na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: KU FITO GINDIN TUTA, AKWAI TAURARO A SAMA. Suka fito suna dariya suna turereniya.

"Malama Raɗa ta fara gane-gane," in ji Zuwaira, yadda kowa zai ji. "A kawo ruwan addu'a."

Na sa dugadugaina a kan tsagewar, na gyara tabarau, na ɗaga kai. Shuɗi kawai. Takwas da minti takwas. Idona ya kawo ruwa, na share. Na miƙa hannu na auna yatsa biyu daga kan sandar, na ɗan rage saboda lokacin bai cika ba, na saki idona kamar mai kallon wani abu can bayan gari. Ina jin dariyarsu, ina jin Dakta yana buɗe murfin biro.

Sai ga shi. Ɗan ɗigo fari, kamar ƙwayar gero a kan shuɗin zane. Da ka gan shi sai ka rasa yadda aka yi ɗazu ba ka gani ba.

Ban sauke kai ba, tsoron kada ya ɓace. Na miƙa hannu na ce, "Zuwaira, zo."

"Ni?"

"Ke. Sa ƙafarki inda tawa take."

Ta zo tana yatsina fuska. Na matsa, na kama kafaɗunta, na ce ta kalli kan sandar, ta hau sama yatsa biyu, kada ta kalli ƙarfen, ta kalli bayansa.

"Ni ban ga komai ba. Wallahi babu ko..." Sai ta ƙura ido. Bakinta ya buɗe. "La ilaha illallahu. Ke Hauwa, wallahi ga shi can! Wallahi tallahi tauraro!"

Wurin ya rikice, kowa na son hawa tsagewar. Na bar su da Zuwaira, na durƙusa a gindin madubin, domin tauraron ya yi sama sosai, wurin sa ido ya sauko kusan gwiwa. Yanzu da na san inda yake, sai na bi jikin bututun da ido, na nufa, na ɗan lallaɓa hagu. Ya shigo.

Na miƙe na yi magana da muryata ta kullum. Na ce, "Minti ashirin muke da shi kafin rana ta haye ginin nan. Duk wadda ta yi magana ta ci lokacin 'yar'uwarta."

Ban taɓa jin shiru irin wannan a makarantar ba. Har kukan kurciya a kan darbejiya ana ji. Suka yi layi da kansu. Baba Ado ya shimfiɗa buhu a kan jiƙaƙƙen daɓen. Kowace ta durƙusa, in ƙirga goma, ta tashi, bayan kowace biyar in tura madubin kaɗan.

Ta farko ta ɗago ta ce, "Malama, ai wannan jinjirin wata ne." Domin a cikin madubi Gamzaki ba ɗigo ba ne a wannan lokacin, lauje ne siriri mai haske.

Na ce, "Yau nawa ga wata?"

Suka haɗa baki, "Goma."

"Watan kwana goma lauje ne?"

"A'a!"

"Yanzu yana ina?"

"Ya faɗi tun kafin asuba," in ji wata daga tsakiyar layi.

"To wannan mene ne, kuma me ya sa gefe ɗaya kawai yake haske?"

Na ba Zuwaira lemon, na ce ta je can ƙarshen inuwa ta ɗaga shi sama yadda rana za ta taɓa shi, ta tsaya tsakaninmu da gabas. Waɗanda suka riga suka leƙa suka kalli lemon, bakinsa ɗaya na haske, sauran a dushe. Wata ƙaramar yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ce, "Malama, ashe ba shi da wuta tasa. Rana ce take haska shi." Wata ta ce to ashe ƙwallo ne kamar duniyarmu. Na gaya musu shi ne dai Zara da suke gani yamma bayan magariba a wasu watannin, zagaya rana yake yi, wani lokaci ya riga ta fitowa, wani lokaci ya biyo bayanta. Musu ya tashi, wata ta ce kakarta ta ce taurari biyu ne. Na ɗaga yatsa ɗaya, suka yi tsit, aka ci gaba.

Dakta ya matso. Ya kalli buhun, ya kalli farar shaddarsa. Sannan ya miƙa wa Baba Ado fom ɗin, ya tattare riga, ya durƙusa. Na ƙirga goma a zuci, ya wuce, na kai ashirin.

"Dakta, layi," in ji Zuwaira.

Ya tashi yana dariya yana kakkaɓe gwiwa. "Subhanallahi," kawai ya ce.

Saura yara bakwai na ga haske ya sauka a kan bakin bututun. A daidai lokacin Malama Hajara ta ƙaraso, hayaniyar ɗazu ta fito da ita. Ta ratsa layi tana cewa, "Me ake kallo ne haka? Ku matsa in gani." Ta dafa madubin da hannu, ya karkato ƙasa wajen gabas inda rana take, ta sunkuya za ta sa ido.

"Malama, kar ki sa ido!"

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Har 'yan aji uku sai da suka leƙo ta taga. Malama Hajara ta ja da baya a firgice, ni kuwa na riga na kifa murfin. Yara bakwai ɗin suka fara roƙo, ɗaya har da hawaye. Na ce a'a, an rufe. Wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo a ranar, amma ban buɗe ba. Muka koma aji, a minti goman da suka rage kowa ta zana abin da ta gani, na yi tambaya biyar, hannuwa suka tashi har kujerar ƙarshe.

A baranda Dakta ya cike fom ɗinsa ya juyo mini da shi in sa hannu, kamar yadda doka ta ce. Na ci, da maki mai kyau. A wurin shiri da hukumar makaranta kuwa ya rage mini, ya ja layi a ƙasa.

"Kin san dalili?"

"Na sani, Dakta."

"To je ki gyara tun kafin in bar gari."

Ya yi gaskiya. Ga abin da nake so ƙannena su riƙe. Ku rubuta komai, har abin da kuke ganin ba shi da amfani. Ku san cewa yara ba su ƙi jin magana ba, suna jiran abin da ya isa a yi masa shiru ne. Sannan makaranta ba ta malami ɗaya ba ce. Mai shara da maigadi da mataimakiyar shugaba kowa aikinsa yake yi, kuma wanda ba ka gaya wa abin da kake yi ba, ba shi da laifi in ya share maka shi. Na auna komai a sama, na kasa taka ƙofa ɗaya a ƙasa.

Na tafi ofishin Malama Hajara, wannan karon na yi sallama na shiga. Na durƙusa na ba ta haƙuri kan tsawar da na yi mata a gaban yara, na yi mata bayanin abin da rana take yi wa ido ta cikin madubi, da abin da allin nan yake nufi. Ta saurara har na gama, fuska a ɗaure.

"Kwana tara kina zuwa da asuba, ba ki iya buɗe baki kin faɗa mini ba?"

"Na ji nauyi ne, Malama."

"Nauyi." Ta jawo wata takarda ta fara rubutu. "Yara nawa ne ba su gani ba?"

"Bakwai."

"Gobe an ɗauke miki asambili, ki zauna da abinki. Zan sa a kawo fenti a zana miki wurin ƙafafun." Ta miƙo mini takardar ba tare da ta ɗago ba. "Kuma ba bakwai ba ne. Takwas ne."